Darasin Tekun Ƙanƙara ga Masu Fito a Gulbin Shagari

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Boɗinga da Sifawa da Dancaɗi, da na Shagari da Lambara da Kajiji da Dandin Mahe, da duk ƙauyukan da ke bakin gulbi. Yau za mu yi tafiya mai nisa zuwa tekunan ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya, inda wasu mutane ke shiga da jiragen ruwa a tsakiyar hunturu, sannan mu dawo gida mu tsaya a mashigin kwale-kwale. Magana guda ce za mu tsaya a kanta daga farkon shirin zuwa ƙarshensa: a kan ruwa, shirin da aka yi tun ana tudu shi ke fid da mutum, kuma mafi yawan wannan shiri sani ne da tsare doka, abubuwa biyu da ba su fi ƙarfin talaka ba.

Bari mu fara da sanin wurin. A ƙarshen duniya ta arewa akwai tekun Aktik, a ƙarshenta ta kudu kuma akwai nahiyar Antatika da tekun da ya kewaye ta. Hunturun can ba irin namu ba ne, wanda mutum zai hura wuta da asuba, hantsi ya yi ya yaye bargo. A garin Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, rana kan faɗi a ƙarshen watan Oktoba, ba a sake ganin ta sai tsakiyar Fabrairu. Ruwan teku da kansa yakan daskare idan sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili, ya zama falalen ƙanƙara da iska ke turawa, in ya sami jirgi a tsakani ya matse shi har katakonsa ya farfashe. Wanda ya faɗa cikin irin wannan ruwa, a minti na farko numfashinsa ke ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na ƙarƙashin ruwa ya shaƙe. Cikin kamar minti 10 hannuwansa za su daina jin umarninsa, ko igiya aka jefa masa ba zai iya riƙewa ba, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan ninki 25. Akwai kuma haɗarin da matuƙa suka fi tsoro: feshin igiyar ruwa yakan daskare a saman jirgi, ƙanƙara ta yi ta taruwa a kan igiyoyi da sanduna har saman ya fi ƙasan nauyi, jirgin ya kife. Duk da haka mutane na zuwa, wasu don bincike, wasu don kamun kifi, wasu don gwada kai kawai. A 2019 ma masana suka kai jirgin Jamus mai suna Polarstern cikin ƙanƙarar Aktik da gangan, suka bar shi ya daskare yana tafiya tare da ita, bai koma gida ba sai Oktoban 2020.

To, wane ne ke dawowa daga irin wannan wuri, wane ne ba ya dawowa? Tarihi ya ba mu mutum biyu da suka nufi hanya guda. A 1845 Ingila ta tura John Franklin da jirage biyu, Erebus da Terror, da mutum 129, don su nemo hanyar ruwa da ta ratsa arewacin Kanada. Babu abin da aka rage musu: injin tururi, na'urar ɗumama ɗaki, abincin gwangwani na shekara uku, har da ɗakin karatu. A Satumban 1846 ƙanƙara ta kama jiragen kusa da tsibirin King William, Franklin ya rasu a Yunin 1847, sauran suka bar jiragen a Afrilun 1848 suka kama hanya a ƙasa, kuma ko mutum ɗaya bai tsira ba. Abin lura shi ne, a wannan yanki da suka mutu da yunwa da sanyi, akwai mutanen Inuwit da suka yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa da 'ya'yansu da tsofaffinsu. Bayan kusan shekara 60, a 1903, Roald Amundsen na Norwe ya taso da wani ƙaramin jirgin kamun kifi mai suna Gjoa, tsawonsa kamar mita 21, su bakwai kacal. Ya yi hunturu biyu a wannan tsibiri na King William, ya zauna da Inuwit ya koyi sa tufafin fata irin nasu, da tuƙa karnuka masu jan kaya, da gina ɗakin ƙanƙara. A 1906 ya fita ta ɗaya ɓangaren, ya zama na farko da ya ratsa hanyar da jirgi, mutum ɗaya kawai ya rasa, shi ma rashin lafiya ce ta ɗauke shi. Kuma da aka zo neman jiragen Franklin, waɗanda aka gano a 2014 da 2016, labaran da Inuwit suka gada daga kakanninsu ne suka taimaka wajen nuna inda suke. Dukiya tana wajen Franklin, sanin wuri yana wajen Amundsen, kun kuwa ji wanda ya koma gida.

Misali na biyu ya fi kusa da abin da ya dame mu, don shi a kan ƙaramin kwale-kwale ya faru. A 1915 ƙanƙara ta matse jirgin Ernest Shackleton mai suna Endurance a tekun Weddell na Antatika har ya nutse, mutum 28 suka rage a kan ƙanƙara, daga baya suka isa wani tsibiri mara kowa da ake kira Elephant. Hunturun kudu na ƙaratowa, ba wanda ya san inda suke. Mafita guda ita ce a ƙetare ɗaya daga cikin tekuna mafiya haɗari a duniya, tafiyar kusan kilomita 1,300, zuwa tsibirin South Georgia, a cikin kwale-kwalen da bai kai mita 7 ba. Ku dubi abin da suka yi kafin su taɓa ruwa. Kafintansu, Harry McNish, ya ƙara wa kwale-kwalen tsawon gefe don igiyar ruwa ta rage shiga, ya yi masa rufi da guntayen katako da tamfol, aka toshe tsagoginsa da lagwanin fitila da fenti da jinin dabbar ruwa. Aka jera duwatsu masu nauyin kusan tan guda a can ƙasansa, domin nauyi ya zauna ƙasa. Sannan Shackleton ya yi abin da ya fi kowanne wuya: ya ɗauki mutum biyar, shi na shida, ya bar 22 a tsibirin suna kallo. Suka tashi ran 24 ga Afrilun 1916, a hanya suna rarrafawa su sassare ƙanƙarar da ke taruwa a saman rufin don kada ta kifar da su, suka sauka ran 10 ga Mayu. Ran 30 ga Agusta ya koma da jirgin ƙasar Cile ya kwashe mutum 22 ɗin nan da ransu. Jarumtakarsu ba abin musu ba ce, amma da an cusa mutum 28 a wannan kwale-kwale don tausayi, da ba wanda zai ba da labari.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan darasin da tekunan ƙanƙara ke da shi ga masu shiga ruwa a ƙasarmu. Yanzu sai mu dawo gida. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwale-kwale ya kife a gulbin Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, aka rasa rai 29, mafi yawansu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. Shekara guda bayan haka, a Mayun 2023, aka sake yin irinsa da yaran ƙauyen Dandeji, a ƙaramar hukumar Shagari ɗin dai, aƙalla 15 suka rasu, yawancinsu 'yan mata, su ma itace suka tafi nema. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Ba Shagari kaɗai ba ce: a Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara ta jihar Kebbi, a Agustan 2025 kuma wani ya kife da mutum sama da 50 a hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo. Duk wanda ya san mashigi ya san yadda abin ke kasancewa. Mai fito ya cika jirgi, wata ta zo da gudu tana cewa, "Baba, don Allah kada ka bar ni," ya ji nauyi ya ce ta shigo. A ɗora damman itace a tsakiya har su fi kan na zaune tsawo, tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. A tsakiyar gulbi iska ta taso, ruwa ya ɗan shigo ta gefe guda, yara su firgita su miƙe su koma ɗaya gefen gaba ɗaya, shi ke nan. Nauyin da ya hau sama, da bakin jirgi da ya kusanci ruwa, su ne ainihin abubuwan da McNish da Shackleton suka yi yaƙi da su kafin su tashi.

Wani zai ce, malam, ina ruwan gulbin Shagari da tekun Antatika? Ruwanmu ba ya daskarewa, kuma daga wannan gaɓa ana hango waccan. Gaskiya ne sanyin ba ɗaya ba ne, nisan ma ba ɗaya ba ne. Amma abin da ke kashe yawancin waɗanda suka faɗa ruwa, ko a can ɗin, shi ne nutsewa a 'yan mintunan farko, tun kafin sanyi ya gama aikinsa. Ruwan da ya wuce kan mutum da kamu guda ya isa ya kashe shi, kamar yadda mai zurfin mita dubu zai yi. Yarinyar da ba ta iya iyo ba, da zane da hijabi da suka jiƙe suna naɗe mata ƙafafu, ga 'yar'uwarta ta rungume ta don tsoro, hango gaɓa ba zai amfane ta da komai ba. Ƙari a kan haka, ruwan da madatsa ta tare, kamar na Shagari, yakan rufe ramuka da kututturan itatuwa da ido ba ya gani, kuma guguwar farkon bazara na tasowa ba sallama. Kusancin gaɓa ma shi ke jawo sakaci, domin mai shirin ƙetare teku ya san ransa ya ɗauka a hannu, mai ƙetare gulbi kuwa gani yake yanzu-yanzu zai sauka.

Wani kuma zai ce, ai Turawa masu kuɗi ne, mu kuwa da ƙyar ake samun na fito. Labarin Franklin ya riga ya amsa rabin wannan. Sauran rabin kuma, mu duba wani abu da ya ceci rayuka masu yawa a tarihin sufurin ruwa. A Ingila, wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa da masu jirage da ke cika su da kaya fiye da kima, har aka yi dokar 1876 da ta wajabta zana layi a jikin manyan jiragen ƙasar, wanda in ruwa ya haura shi an san kaya sun yi yawa. Har yau manyan jiragen duniya na ɗauke da wannan alama, kuma kuɗinta bai wuce na gwangwanin fenti ba. Me zai hana kowane kwale-kwalen fito a Shagari ya sami irin wannan layi, da lambar yawan mutanen da zai ɗauka a rubuce a goshinsa? Sanin ruwa ma muna da shi a gida. Kabawa da Sarkawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, sarautar Sarkin Ruwa tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta na yawo a Matan Fada a kan gora, wadda ke riƙe ƙaton mutum a saman ruwa. Jarka mai lita 20 da aka zubar da abin cikinta aka ɗaure murfinta tam, ita ma tana iya riƙe mutum har taimako ya zo. Ba ta kai rigar kariya ba, don ita rigar tana riƙe mutum ko hannunsa ya saki, amma jarkoki huɗu ko biyar ɗaure da igiya a gefen jirgi sun fi babu nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. To, masu iyawar suna nan a cikinmu, abin da ya rage shi ne a sa su koya wa yara, mata da maza, kowa a wurin da ya dace da shi.

Magana ta uku ita ce mafi nauyi, kuma da ladabi za mu taɓa ta. Idan haɗari ya auku mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu rai da zai wuce ajalinsa. Wannan imani shi ke riƙe zuciyar uwar da ta binne 'ya'ya biyu rana guda, ba kuma mai hankalin da zai nemi raba ta da shi. Inda gyara yake shi ne a ɗauki maganar da aka tanada don haƙuri bayan musiba a mai da ita hujjar sakaci kafin musiba. Malamanmu kullum suna tunatar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali, suna kuma karantar da mu cewa Annabi Nuhu, alaihis salam, sassaƙa jirgi aka umarce shi ya yi tun ruwa bai sauko ba. A wannan ƙasa tamu, inda Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da hannunsa ya rubuta littattafai a kan magunguna da hanyoyin warkar da cututtuka. Magabatan da suka fi mu sanin ƙaddara ba su ga saɓani tsakaninta da riƙo da sababi ba. Mai fiton da ya ce wa yarinya, "'Yata, jira sahu na biyu," bai yi jayayya da ikon Allah ba, amanar da ke wuyansa ya tsare.

Akwai ƙorafi na huɗu, shi kam dole a karɓi mafi yawansa. Masu zuwa tekun ƙanƙara su suka zaɓi zuwa, suna da watanni na shiri, yaran Gidan Magana da Dandeji kuwa larura ce ta tura su, don in ba itace ba a ɗora tukunya. Haka yake, shi ya sa ba yaran za a ɗora wa nauyin shirin ba, manya ne za su ɗauka: iyaye, masu jirage, masu unguwanni da hakimai, ƙaramar hukuma, gwamnatin jiha, da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda dokokinta suka hana tafiyar dare da lodin wuce kima, suka kuma wajabta sa rigar kariya. Su ma can ba kowa ne ke zuwa don sha'awa ba. A farkon 1968, jiragen kamun kifi uku na garin Hull a Ingila suka nutse cikin 'yan makonni a tsakiyar hunturu, aka rasa masunta 58, talakawa masu neman abinci, kuma ƙanƙarar da ta taru a sama ce ta kifar da na ƙarshensu a gaɓar Aisilan. Matan garin, ƙarƙashin wata mai aikin gyaran kifi, Lillian Bilocca, suka tara sa hannun mutum 10,000 suka kai wa gwamnati a Landan, aka tsaurara dokokin tsaron masunta. Amfanin irin wannan doka ya fito fili a Nuwamban 2007, lokacin da jirgin yawon buɗe ido mai suna Explorer ya huje ya nutse a tekun Antatika: mutum 154 ne a ciki, aka kwashe su duka da rai, saboda akwai kwale-kwalen ceto da ya ishi kowa, akwai kuma hanyar kiran agaji. Wannan sakamako ba daga ƙarfin halin fasinjojin ya zo ba, daga ƙa'idojin da aka kafa shekaru kafin ranar ya zo.

Saboda haka, ga abin da ke hannunmu, kuma ba sai an jira wani haɗarin ba. Kowane mashigi ya kasance da dattijo guda da jama'a suka amince masa, wanda in ya ce jirgi ya cika ya cika, kuma mai gari ya tsaya masa idan wani ya yi masa tsaurin ido. A raba sahun itace da sahun mutane, ko da za a ƙara kuɗin fito kaɗan. Kada yara su shiga jirgi su kaɗai ba babba a tare da su, kada a tashi in hadari ya haɗu ko rana ta faɗi. Rigunan kariyar da hukuma ta raba su zauna a cikin jirgi da jikin fasinja, kada a adana su a ɗaki. Limamai su sa maganar a huɗuba kafin damina, malaman makaranta su sa ta a aji. Shugabanni kuma su dubi tushen abin, wato ƙarancin makamashin girki da ke tura yara ƙetaren gulbi, su taimaka da dashen itatuwa kusa da gari da murhu mai tsimin itace. Ku mutanen Boɗinga da ba ku bakin babban ruwa, maganar ta shafe ku, domin kuna cin kasuwannin ƙetare, kuna kai amare, kuma damina na cika tafkuna da fadamun da 'ya'yanku ke wanka a ciki. Duk wanda ya iso mashigi ya ga jirgi ya cika, yana da ikon ya ce shi zai jira, yana kuma da ikon ya hana ɗansa shiga.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu a tudu da ruwa, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.